Sanatan da Bai Taɓa Faɗuwa a Gardama Ba

Asahel Whitcomb lauya ne a garinmu, cikin tsaunukan jihar Vermont ta Amurka, tun zamanin da tafiya Washington ke cin kwana goma a keken doki. Allah ya ba shi baki, amma bakin ba shi da linzami. Ko gardamar wasa ce, sai ya kai mutum ƙasa.

Amininsa ɗaya ne, Lemuel Fisk, manomi mai in'ina, ɗan majalisar jiharmu. Shi ya yi ta bin 'yan majalisa har suka zaɓi Asahel sanata.

A shekararsa ta biyar, Asahel ya goyi bayan dokar hana fatauci da Kanada. Manoma suka shiga uku. A taron gari Lemuel ya miƙe zai yi bayani, maganar ta sarƙe masa.

Asahel ya ce, "Ka-ka-kammala mana, Lemuel, kafin shanunka su tsufa!"

Aka fashe da dariya. Lemuel ya ɗauki hularsa ya fita.

Da wa'adi ya cika, Asahel ya sake neman kujerar a majalisar jiha, ya faɗi da ƙuri'a ɗaya. Ya hau doki sai gonar Lemuel, ya tarar da shi yana faskare.

Asahel ya ce, "Kai ne ka hana ni ƙuri'arka?"

"Ni ne."

"Saboda dokar nan?"

"Doka ai ana sokewa. Shekara ashirin, Asahel, ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana ba."

Nan take amsoshi uku suka zo wa Asahel, ya zazzage su duka. Lemuel ya ci gaba da faskarensa.

Asahel ya koma aikin lauya. Masu ƙara na zuwa, amma a tsaye suke faɗin abin da ya kawo su, su tafi. A coci shi kaɗai ne a bencinsa. Shekara goma sha tara yana cin abinci shi da bango.

Da ya ji Lemuel ya rasu, ya zauna ya rubuta jawabin ban kwana shafi huɗu, yana hawaye. Ya isa gidan da takardun a hannu.

Matar Lemuel ta tare shi a ƙofa, ta ce, "Mun gode, Sanata. Ai shekaranjiya aka binne shi."

Duk garin an je. Ba wanda ya gaya masa.

Mai karatu, cin gardama daban, cin zuciyar mutane daban. Wanda ya mai da harshensa wuƙa, na kusa da shi zai fara yanka. In amininka na magana, ko yana in'ina, ka bar shi ya gama.