Ƙwan da Aka Tsoma a Ruwan Zafi

An yi wani mutum a ƙauyenmu na bakin kogin Titas. Sunansa zan bar shi a cikina, don 'ya'yansa suna raye. Allah ya ba shi wani zakara na jinsin da ake kira Asil, dogo, mai faɗin ƙirji. Duk kazar da ya taka, ƙwanta ba ya ƙin ƙyanƙyashewa.

Kun san al'adarmu. Idan kazarka ta fara kwanci, sai ka kwashi ƙwanka ka kai gidan mai zakaran kirki, a yi musaya, ƙwai da ƙwai. Ba a hanawa, shi ma bai taɓa hanawa ba. Amma fargabarsa kullum, kada wata rana a ji carar irin zakaransa a gidan wani. Saboda haka kafin ya bayar, sai ya zaga madafa a ɓoye, ya tsoma ƙwan a ruwan zafi, ya ƙirga goma, ya tsame.

Ya 'yan uwa, wace irin zuciya ce wannan? Kaza ta kwanta kwana ashirin da ɗaya, ta rame, a tashi da baragurbi.

Sau biyu ya yi wa Fulbanu haka, matar da mijinta ya rasu ya bar mata kaza ɗaya a hayin tafki. Ta dawo karo na uku, ƙwai a bakin zane.

"Yaya, ko dai hannuna ne ba albarka?"

"Kazarki ce ragguwa, kamar mai ita," ya ce yana dariya. "Dawo da azahar."

Ranar shi ma kazarsa ta fara kwanci. Ya ware goma sha biyu masu kyau a kwando, ya tsoma waɗanda zai ba Fulbanu a ruwan zafi ya jera a faifai. Sai aka yi kira, ruwa ya ɓalle a gonar shinkafa. Ya fita a guje, yana ce wa matarsa Moyna ta sa wa kaza ƙwai, ta sallami Fulbanu.

Kwana huɗu bayan haka ciwon kaji ya shiga akurkinsa. Ciwon ya share zakaran, ya share kajin, sai mai kwancin kaɗai da ke cikin ɗaki. Duk irin Asil ɗinsa ya koma ƙwai goma sha biyu a kaskon ƙasar da take kwanci a ciki.

Daga nan bai ƙara jin daɗin abinci ba. Ko a sahun salla, kwanaki yake ƙirgawa. Ran ashirin da ɗaya ya durƙusa ya kara kunne, shiru. Ashirin da biyu, shiru. Ran ashirin da uku ya fasa guda, wari ya cika ɗakin.

"Moyna! Wanne kika sa mata?"

"Na faifai mana, Baban Shefali. Na taɓa na ji ɗumi, na ce sabbin haihuwa ne, na zaɓa mana. Masu sanyin na ba Fulbanu."

"Na faifai? Ai su ne na tsoma a ruwan zafi!"

Bakinsa ne ya tona shi, kuma katangar gidansa ta gora ce, ba ta tare magana. Kafin la'asar, duk matar da kazarta ta taɓa kwancin banza ta san dalili. Aka daina yi masa sallama. Ran girbi ba wanda ya shiga gonarsa da lauje ya taya shi, har ruwa ya kwantar da shinkafar.

Fulbanu kuwa, goma sha ɗaya kazarta ta ƙyanƙyashe mata. Da suka girma, duk wanda ya zo musayar ƙwai sai ta ba shi da hannu biyu. Shi dai kunya ta hana shi zuwa.

Ya 'yan uwa, hassada ce ta ci mutumin nan, ba ciwon kaji ba. Da ya bayar da gaskiya ko sau ɗaya, da ya sami irinsa a maƙwabta ran da nasa ya mutu. Ya tsufa ba kaza ko ɗaya, kowace safiya jikokin zakaransa suna tashinsa daga gidajen mutane.

Allah ya wanke mana zukata, ya kiyaye mu daga baƙin cikin alherin maƙwabci. Amin.