Muryar Labaran Mai Ganga

Akwai wani matashi a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, mai suna Shafi'u, wanda Allah Ya hore wa kunne da basirar haɗa sauti. Yana da ƙaramin sutudiyo a bayan kasuwa. A kwamfutarsa akwai wata manhaja mai maɓallai a jere, inda ganga ke da layinta, jita da nata, muryar mawaƙi ma da nata. Da ita yake rage kaifin wannan, ya ƙara wa wancan nauyi, har su zauna lafiya a waƙa guda.

A cikin maɓallan akwai wanda masu sana'ar ke kira get. Aikinsa aikin mai gadi ne: sauti mai ƙarfi ya wuce, mai rauni a rufe masa ƙofa. Shafi'u na alfahari da shi ƙwarai. Kuma ya ɗabi'antu da cewa da zarar ya gama gyara, sai ya goge asalin abin da aka ɗauka. Ya kan ce wanda ya iya aiki ba ya ajiye datti.

Wata rana Malam Abednego, malamin firamare mai kaɗa jita, ya zo ɗaukar waƙar da ya tsara wa manoma. Ya taho da amininsa Labaran, manomi daga Kakangi, wanda ya gaji gangar noma daga mahaifinsa.

Labaran mutum ne da bakinsa ba ya hutawa in yana kiɗa. Duk inda ganga ta ɗan tsagaita sai ya yi dariya, ko ya jefa magana a hankali, makirufon gangar kuwa yana kwashewa.

"Ticha, jitar nan taka ba ta karya kumallo ba," in ji shi, ana tsakiyar ɗauka.

Can kusa da ƙarshe ya sunkuya kan gangar, ya yi magana da ɗan da matarsa Furera ke ɗauke da cikinsa: "Kai na ciki, ka ji hannun ubanka!"

Da aka zauna haɗawa, Shafi'u ya murɗa get. Dariyar ta ɓace, maganar ta ɓace, ganga ta fito tsaf.

Malam Abednego ya ce, "Injiniya, bar mana maganar nan. Ita ce gishirin waƙar."

"Ticha, ka taɓa ganin na shigo ajinka na karɓi alli?"

"To, ko asalin ka ajiye mana a gefe."

"Sutudiyo nake da shi, ba rumbu ba."

Labaran ya yi dariya ya ce, "Ƙyale shi, Ticha. Baki na nan, gobe ma zan faɗa."

Kafin su kai bakin titi Shafi'u ya goge asalin.

Bayan mako uku 'yan bindiga suka fito daga daji, suka tarar da Labaran a gonarsa. Washegari aka samo gawarsa, wayarsa kuma sun tafi da ita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Furera ta yi takaba har ta sauka, aka sami ɗa namiji, aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Da ta yi arba'in sai ta nemi Malam Abednego ya raka ta sutudiyo, da jaririn a bayanta.

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Malam, marigayi ya gaya mini ya bar wa yaron nan magana a cikin gangarsa. Ba mu da hotonsa mai motsi, ba mu da muryarsa ko'ina. Ita kaɗai na zo nema, domin in ya yi wayo ya san yadda ubansa ke magana."

Shafi'u ya koma kujerarsa. Ya buɗe kwamfuta ya duba inda ya san babu. Ya duba kwandon sharar kwamfutar, ya tarar ya daɗe da zubar da shi. Ya janye get ɗin gaba ɗaya, amma abin da ke hannunsa gyararre ne, babu abin da ya rage a bayan ƙofar. Ya buga wa wani gwani waya a Kaduna, gwanin ya ce bayan watanni da ɗora sababbin ayyuka a kai, sai dai haƙuri.

Malam Abednego ya kau da kai daga gare shi. Hakan ya fi wa Shafi'u zafi a kan zagi.

Furera ta ce, "To kunna mini abin da ya saura."

Ya kunna. Ganga ta cika ɗakin, jita na biye da ita. Can kusa da ƙarshe gangar ta tsagaita, lasifika ta yi tsit, shiru mai tsabta irin wanda Shafi'u ya saba yabon kansa da shi.

"A nan ne?" in ji ta.

Malam Abednego ya ce, "A nan ne. Zan iya faɗa miki abin da ya ce."

"Na san abin da ya ce, Malam. Muryar nake so."

Ta gyara goyonta, ta yi musu sallama, ta fita.

Shafi'u ya sayi babbar ma'ajiyar kwamfuta a makon, bai sake goge asalin aikin kowa ba. Sai dai waƙar ta karɓu, ana saka ta a shaguna da tashar mota. Duk inda ya ji ta, in ta kusa wurin nan, ya kan tsaya cak har shirun ya wuce.

Darasi: Abin da aka damƙa maka amana ne, ko da a idonka tarkace ne, kuma ƙwarewa ba ta ba ka ikon hallaka abin da ba za ka iya mayarwa ba. Saurari mai roƙonka tun yana gabanka, domin babu wanda aka yi wa alkawarin gobe. Ku isar da wannan ga duk mai sana'ar da kayan mutane ke bi ta hannunsa.