Mabuɗin Sabar Anti Laure

Ga ta nan, amma babu Gizo a ciki, sai Anti Laure, shugabar ƙungiyar manoman fadama, wadda ko gaishe ta ka yi sai ta leƙa bayan gaisuwar. Ƙungiyar na da sabar, wato kwamfutar da ke tura wa manoma saƙo a waya. In saƙonni suka yi yawa sai ta ƙware, rabi su zube. Ga damina ta yi nisa, ana jiran ranar sakin ruwan dam.

Anti ta ɗauko mutum uku su gyara sabar, don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido.

Nafi'u ya girka injin layi, saƙonni suka riƙa jeruwa kamar jarkoki a bakin famfo, ko wuta ta ɗauke ba sa ɓata. Sai dai ta gano ya bar wa kansa hanyar shiga daga gida. Ya sosa ƙeya: "Ai saboda tsaro ne, Anti."

Zulai ta tsara layin, gargaɗin ruwa ya riƙa tsallake tallan taki da gayyatar suna. Amma ƙauyen mahaifiyarta ta sa a gaba. Ta karya wuya: "Laa, Anti, ni ban ma lura ba!"

Isuhu ya saita injin ya yi ta maimaita saƙo har sai waya ta karɓa. Shi kuma karatun saƙonnin mutane yake, har ya san wa ke zawarcin wa. Da aka tsare shi, gyaran murya kawai ya yi.

Anti ta ƙudura korar su duka bayan damina.

Ran wata Juma'a da hantsi aka saki ruwa. Wuta ta ɗauke ta dawo, injin bai tashi ba, mabuɗin ofis kuwa na jakar Anti a gidan biki. Nafi'u ya bi ta hanyar nan tasa ya tashe shi. Gargaɗi ya fita gaban komai, ashe kuma ƙauyen su Zulai ne farkon inda ruwa ke bugawa. Wayoyin mutanen Tungar Maje, da ke can cikin shinkafa, suka ƙi karɓa. Isuhu ya juya saƙon ga matansu da 'yan matansu, tunda ya san ta kowa. Su suka fita da ihu. Har da Ɗanjuma, ƙanen Anti, aka fito da shi ruwa iya ƙirji.

Yanzu Anti za ta Makka, dole ta bar wa mutum ɗaya kalmar sirrin sabar. Ta dubi wannan, ta harari wancan, tana ta juya zobenta.

To jama'a, da mai ƙofar baya, da mai son kai, da mai leƙe, wa za ta damƙa wa?