Shayin Bayan Jarrabawa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda kowa ke kira Injiniya. Sana'arsa haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Idan sadarwa ta tsinke a ofis, ma'aikata suka yi cirko-cirko, shi ake kira. Sai ya zo ya tsuguna bayan akwatin wayoyi, ya bi kebul, wato wayar haɗin, da yatsa, kafin ka ce kwabo aiki ya dawo. Allah ya ba shi sani, wannan ba mai musu.

Yana da makaranta a saman bene, ɗaki biyu. Ɗaya na allo da kujeru, ɗayan cike da na'urori jere a kan kanta, fitilunsu na ƙiftawa, fanka na kaɗa zafi. A nan yake shirya matasa su zauna jarrabawar wani babban kamfani, wadda in ka ci ake ba ka satifiket ɗin da ma'aikatu ke nema kafin su ɗauke ka.

To, jarrabawar nan tana da sharaɗi. Kafin tambaya ta farko ta fito a fuskar kwamfuta, sai an nuna maka yarjejeniya: abin da za ka gani a ciki ba za ka faɗa wa kowa ba, ba za ka rubuta ba, ba za ka koyar ba. Sai ka danna "na yarda" sannan a buɗe maka. Shi kansa Injiniya ya danna, ba sau ɗaya ba.

Littafinsa na farko halal ne tsantsa. Kamfanin yakan wallafa batutuwan da zai yi tambaya a kansu, kowa ya gani. Injiniya ya ɗauki batutuwan nan ya yi musu bayani dalla-dalla, ya ƙirƙiro tambayoyinsa daga matsalolin da ya gyara da hannunsa. Amininsa, wanda suka koyi aiki tare, shi ke duba masa rubutun. Ɗalibai suna shan wuya, wasu su faɗi su sake, amma duk wanda ya ci to ya iya aiki.

Ana nan sai wata makaranta ta buɗe a layin gaba, aka ce ɗalibanta ba sa faɗuwa. Kujerun Injiniya suka fara zama wayam. Abin ya tsaya masa a rai.

Da shayi ya fara. Duk ɗalibin da ya fito daga jarrabawa sai ya kira shi ya zo su sha shayi, wai ya taya shi murna. Ana cikin hira sai ya ce, yaya, ta yi zafi? Daga ina suka fi ɗebo tambaya? Ɗalibi yana jin kunyar malaminsa, ga kofi a hannu, sai baki ya buɗe. Injiniya na murmushi, yana rubutawa.

Daga baya ma ya daina ɓoye-ɓoye. Kafin ɗalibai su tafi sai ya raba musu aiki: kai ka haddace mini tambayoyin farko-farko, ke ki riƙe na tsakiya, kai kuma masu zane. Ya tattara duka, ya sa amsoshi, ya buga ɗan ƙaramin littafi mara suna a bango. Ba ya ajiye shi a kan kanta. Sai ka shiga ofishinsa ya jawo aljihun tebur.

Amininsa ya gani, ya ƙi duba masa. Ya ce wannan ba koyarwa ba ce, sata ce, kuma yaran nan alkawari suka ɗauka kake sa su saɓa. Injiniya ya yi dariya, ya ce ai yana canza lambobin, tambaya ta zama tasa ke nan. Ya ce kamfanin da ke can wata duniya, ina zai san da wani ɗaki a saman bene? Aminin ya sauka daga benen, bai sake hawa ba.

Kun ji dabara, ya 'yan uwa? In ka saci riga ka canza mata maɓalli, ta zama taka? Kada ku yi mini shiru, na ga wasu sun sunkuyar da kai.

Kujeru suka cika har ana tsayuwa. Ɗakin na'urori kuwa ƙura ta rufe shi, don ba mai shiga. Me za ka yi da kebul alhali amsa na aljihunka?

Mutum ɗaya ce ba ta daina shiga ba, ita ce autarsa. Auta a ɗakin nan ta tashi. Tun tana ƙarama take tsince masa kawunan kebul, da ta girma ta zama ita ke lalata haɗin na'urorin da gangan ta sake gyarawa. Wata ma'aikata ta yi mata alkawarin aiki da zarar ta kawo satifiket. Injiniya ba shi da abin alfahari kamarta.

Ana gobe jarrabawarta ya miƙa mata ɗan littafin. Ta ce ba ta buƙata, ta shirya. Ya ce ta dai leƙa. Ta ce tana tsoron yarjejeniyar. Sai ya ɓata rai.

"Ni ubanki ne. Zan ba ki abin da zai cuce ki?"

Ta karɓa da hannu biyu, ta karanta. Washegari ta zauna jarrabawar, ta ci.

Abin da Injiniya bai sani ba shi ne, akwai wata tambaya mai zane da ɗalibin da ya haddato masa ita ya manta da kebul ɗaya. Ya zana masa na'urorin daidai, amma layi guda ya salwanta tsakanin ɗakin jarrabawa da kofin shayi. Injiniya ya warware zanen da aka kawo masa, ya fitar da amsa. Amsar daidai take ga zanen da ke hannunsa, kuskure ce ga zanen gaskiya.

Kuma kwamfutar jarrabawa ba amsa kaɗai take ajiyewa ba, har da lokacin da ka ɓata a kan kowace tambaya. Masu lura a kamfanin suka ga abin mamaki. Tambaya mai wuya, wadda ƙwararru ke daɗewa a kanta, ga wasu mutane daga wuri ɗaya suna amsa ta cikin ƙiftawar ido, kuma dukansu amsa ɗaya, kuskure ɗaya. Suka bi sawu. Ba su sha wahala ba, wani ɗalibi da aka matsa masa ya miƙa musu littafin.

Aka soke satifiket ɗin Injiniya, aka haramta masa jarrabawarsu har abada. Aka soke na duk ɗaliban da suka faɗa ramin tambayar nan. Iyaye suka cika matakalar benen suna zage-zage. Waɗanda suka sha shayinsa jiya, yau in sun hango shi sai su tsallaka titi. Ya kulle makarantar, ya sayar da na'urorin a wulaƙance.

Duk wannan ya iya haɗiyewa. Abin da ya karya shi sunan Auta ne a cikin waɗanda aka soke. Ta fara aiki ke nan, an ba ta tebur da katin shiga. Ranar da labari ya iso aka karɓe katin, aka rako ta har bakin ƙofa.

Ya same ta a ɗakin na'urorin da ya zama kango, tana zaune a ƙasa. Ya ce shi ya kasa ganewa, ita da ta san aikin nan fiye da shi, ta yaya tambayar ta kayar da ita? Ba ta ga kebul ɗin ba ne?

"Na gan shi, Baba. Na san amsar ba haka take ba. Har na kai hannu kan ta daidai. Sai na ce Baba ba zai yi kuskure ba."

Wallahi mutumin nan ya durƙusa a wurin ya yi kuka kamar yaro. Amma kuka bai dawo da satifiket ba.

Ya 'yan uwa, ba wanda ya hana ka rubuta littafin koyarwa. Ɗauki batutuwan da aka wallafa a fili, ka yi bayani, ka ƙirƙiri tambayarka, ka sa ɗalibi ya taɓa kebul da hannunsa. Amininsa haka yake yi har yau, yana ci da iyalinsa, yana barci lafiya. Amma abin da aka nuna maka bisa amana, amana ce. Danna "na yarda" alkawari ne, ko da ba liman a wurin, ko da ba ka taɓa ganin fuskar wanda ka yi wa ba. Allah ya ga yatsan da ya danna.

Kuma ku malamai, ku iyaye, ku ji tsoron Allah game da masu yarda da ku. Yarinyar nan ba jahilci ya kayar da ita ba, biyayya ce ga uban da ya miƙa mata haram da hannunsa.

Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin dabarunmu, ya sa abin da muke koyarwa ya zama hujja gare mu ranar tsayuwa. Amin.