Kabad Ukun da Shugaba Ya Sa Aka Kwashe

Akwai wata makarantar sakandare da ta yi fice a ƙwallo da gasar muhawara. Rabin likitoci da malaman garin a nan suka yi karatu.

Sai aka kawo mata sabon shugaba, mutum mai ji da kai, wanda a ganinsa ranar da ya zo aka kafa makarantar. Da bikin cikarta shekara arba'in ya gabato, ya ce yana son ɗakin jera kofunan gasa. Idonsa ya faɗa kan sito, inda tsofaffin takardu suka cika kabad uku.

Baba mai sito, wanda ya shekara talatin da makullin ɗakin, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in tantance su. Akwai waɗanda ba su da kwafi."

"Kai za ka koya min aikina?" in ji shugaba. "Tarkacen ɓeraye ne. Ka fitar ka ƙona yau, ko ka ajiye makulli."

Tsohon ya ƙona su a bayan ajujuwa yana share hawaye. Duk da haka, sati bai zagayo ba aka sallame shi, wai ya cika gardama.

Ranar biki shugaba ya kwashe awa guda yana jawabi. Ni dai ban taɓa ganin mai yabon kansa ba kunya irin wannan ba.

Bayan wata uku, ɗan marigayin da ya ba makarantar filin ƙwallo ya iso da magina. Ya ce aro mahaifinsa ya bayar, ba kyauta ba. Magana ta kai kotu, kotu ta nemi takardar kyauta, aka birkice ofis ba a samu ba.

Shugaba ya nufi gidan Baba, murya ta yi sanyi. "Baba, takardar filin nan, ko ka san inda take?"

"Na sani. Kabad na biyu, jan fayil, da sa hannun marigayi da shaidu huɗu."

"To, tana ina yanzu?"

"Ita ta fi daɗewa tana cin wuta, ranka ya daɗe. Takarda ce mai kauri."

Kotu ta ba magajin filin. Yau shaguna ne a wurin, ɗalibai kuma a gefen titi suke atisaye.

Darasi: In ka tarar da wuri a gine, saurari waɗanda suka riga ka kafin ka zubar da komai. Girman kan mutum ɗaya yakan jawo wa ɗaruruwa asara. Ku tura wa duk wanda aka ba sabuwar kujera.