Ranar da Shaho Ya Sauka Makarantar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu saurara.

Malam Kurege ya je gun Kunkuru yana kuka, wai duniya ta tashi. Ya ce, "Baba, ni da babu malami kamata a dajin nan, yau ɗan Bushiya ya dube ni ya ce, 'Malam, don me?'"

Kunkuru ya ce, "Ka manta ne? Dokar makarantarku a da, malam ya faɗa, yara su maimaita, ba mai motsi. Ran da ka hango Shaho ka ce 'Ku gudu,' me suka yi?"

Kurege ya sunkuyar da kai. "Suka amsa baki ɗaya, 'Ku gudu,' suna zaune. Shaho ya sure autan Zomo."

"To, tun rashin yaron nan iyaye suka ce ba a sake mayar musu da 'ya'ya aku. Wanda ya gani ya faɗa, wanda bai gane ba ya tambaya. Wa ma ya kafa waccan dokar ta maimaitawa?"

Kurege ya ce, "Ni ne, Baba. Daɗin jin maganata a bakin yara nake ji."

Ƙurunƙus, kan kusu, nan ta tsaya.