Fuskar Anatole

Akwai wani mai zane a unguwarmu ta Belleville, ana ce masa Théodule. Shi ba ya jan layi kamar sauran masu zane. Ɗige-ɗigen fenti yake jerawa, sai ka ja baya sannan hoto ya fito. Girman kai kuwa, ka ce shi ya rataya rana a sama.

Ya kafa allonsa a bakin layinmu yana zana titi, tun farkon zafi har ganye ya fara zuba. Kullum Anatole, tsohon magini, yana zaune a gabansa a ƙofar gida, yana tarin da kowa ya san ba na tashi ba ne.

Wata rana Honorine matar Anatole, mai yi wa Théodule wanki, ta ce, "Yallaɓai, tunda kana zana layinmu, don Allah ka fito min da fuskar maigidana. Ba mu da hotonsa ko ɗaya."

Ko kallonta bai yi ba. "Madam, ni haske nake zanawa, ba fuskar tsofaffi ba. Matsa, kin tare min rana."

Da sanyi ya shigo, Anatole ya rasu.

Honorine ta hau ɗakin mai zanen da wankinsa. Daga bakin ƙofa ta hango zanen, ga mijinta zaune, kafaɗa a karkace yadda ya saba. Ta yar da kayan ta ruga.

Tana isa gaban zanen, babu kowa a cikinsa. Ɗigo ja, ɗigo shuɗi, ɗigo rawaya.

Ta ja baya, ya dawo. Ta matso, ya ɓace.

"Yallaɓai," in ji ta, "me ya sa in na zo kusa sai ya gudu?"

 Théodule ya ɗauki buroshi ya ce zai zana mata fuskar yanzu. Ya rufe ido yana nema. Ya tuna launin inuwar kujerar, ya tuna hasken bangon. Fuskar kuwa, wallahi ko hanci bai tuna ba, don bai taɓa kallonta ba.

Honorine ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana kuka. Daga nan ne kaɗai take iya ganin mijinta.

Darasi: Ka dubi mutumin da ke gabanka tun yana nan. Alherin da ka hana yau, gobe ko ka so yi ba zai yiwu ba. Ku tura wa wani, ko zai waiwayi maƙwabcinsa.